Tsohuwar tirelar soja za ta zama ɗakin kwana na tafiya: daga ina ake farawa?

Tambaya: Na sayi tsohuwar ƙaramar tirelar sojan Amurka a gwanjo, mai ƙafa biyu, a farantin jikinta an rubuta M101A2. Ta yi shekaru a ajiye a fili, ruwa da rana suna dukanta. Ina so in mayar da ita wurin kwana da girki na mutum biyu, in riƙa janta da a-kori-kura zuwa daji. Daga ina zan fara? Me zan canza, me zan bari?

Amsa: Malam, ka samu abu mai kyau, kuma girmanta ya dace da abin da kake nufi. Sai dai ka ajiye zancen gado da kicin tukuna. Yawancin masu wannan aiki da tanti da firji suke farawa, domin su ne ke burge ido, daga baya su tarar sun ɗora kaya masu tsada a kan boris ɗin da ya ci tsatsa da birkin da ya daskare. Jerin aikin da muke ba da shawara shi ne takardu, ƙafafu da birki, shasi da tsatsa, fitilu, sikeli, sannan gini. Sikelin nan shi zai yanke hukuncin kusan duk abin da za ka gina, don haka zan daɗe a kansa.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. M101 tirela ce ta kaso uku cikin huɗu na tan, wadda aka fara yi wa motar Dodge M37 a shekarun 1950. Taka, mai A2, ta zo daga baya: tana da birkin mai wanda ke kama kansa idan motar da ke ja ta rage gudu, da wili mai noti 8 a da'irar milimita 165.1, da hannun birkin ajiya guda biyu a gaba, kowace ƙafa da nata. Nauyinta babu kaya kimanin kilo 600 ne, kayan da aka yarje mata a daji kilo 680, jimilla wajen kilo 1,290. Akwatin yana da tsawon kusan mita 2.44 da faɗin mita 1.67, amma tsakanin tudun tayoyin biyu bai wuce mita 1.15 ba, kuma wannan awon ne zai takura maka idan kana son shimfiɗa katifa a ƙasa. Da ƙanwarta M416 ka saya, wadda jif ke ja, da kilo 230 kacal za ka samu a daji, tanti da ruwa kaɗai sun cinye fiye da rabi. Da kuma M105 ce, ita kanta babu kaya ta haura tan ɗaya, ga birkinta yana neman iska daga babbar mota. Taka tana tsakiya.

Farantin nan mai lamba kada ka cire shi, kada ka bari yashin wanke tsatsa ko fenti ya taɓa shi. Rufe shi da tef mai kauri. Da shi za a yi mata rajista. A Amurka takardar SF-97 ce gwamnati ke bayarwa don a nemi takardar mallaka, a wasu ƙasashen kuma sai an kai ta an duba. Ka kammala wannan kafin ka kashe ko sisi a kan gini, kuma ka tambayi hukumar rajistar inda kake ko tsawaita wuya ko canza aksul yana buƙatar sabon dubawa. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai duk tirelar da nauyin da aka yarje mata ya haura kilo 750 dole ta kasance da birki mai aiki. A Amurka kowace jiha da nata ƙa'idar. Ko doka ba ta tilasta ba, tan ɗaya yana tura ka a gangare ba abin wasa ba ne.

Yanzu ɗaga ta a kan sanduna huɗu masu ƙarfi, kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Riƙe taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan ka juya ta kana saurare. Ƙarar gurnani ko wasa mai yawa boris ne. Ko ba ka ji komai ba, buɗe. Giris ɗin da ya shekara goma a ajiye yakan rabu biyu, man ya tsiyaye, ya bar wani abu mai kama da busasshen sabulu. Idan ya yi launin madara da shayi, ruwa ya shiga. Wanke boris ɗin tas da kananzir, ka ɗaga shi a haske ka juya kowane ɗan gangarensa: ɗigon rami, launin shuɗi na ƙuna, ko layukan tsatsa a jere a jikin zoben waje daidai inda gangaren suka zauna shekara da shekaru, duk ɗaya daga cikinsu ya isa a jefar da shi. Ana canza boris tare da zobensa, ba a haɗa sabo da tsoho. Lambarsa tana rubuce a gefensa, da ita za ka nemi sabo. Cusa giris mai lamba NLGI 2 da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, sa sabon sil, ɗaure notin da sufana mai auna ƙarfin ɗauri zuwa kamar Nm 65 kana juya hob ɗin don komai ya zauna, sassauta shi gaba ɗaya, sannan ka mayar da ƙarfin yatsu kawai ka kulle. Wasan da ake so kaɗan ne ƙwarai, tsakanin milimita 0.03 da 0.13. Boris ɗin da aka matse fiye da kima ya fi saurin ƙonewa a kan wanda ya ɗan yi sako-sako.

Wani abin lura wajen kwance wili: wasu tsofaffin tirelolin soja notin gefen hagunsu baibai yake kwancewa. Duba kan ƙusar ko akwai harafin L kafin ka hau kan sufana ka karya ta.

Birkin shi ne wurin da aka fi yin ɓarna. Zoben jan da ke gaba yana zamewa ciki da waje, idan mota ta rage gudu tirelar ta turo, zoben ya danna masta, wato famfon man birki, mai ya tafi ƙafafu. Bayan dogon zama, abin da aka saba tararwa shi ne masta ya bushe, silindar ƙafa ta daskare, ɗan shokozoban da ke cikin na'urar ya mutu. Idan shi ya mutu za ka ji tirelar tana dukan motar duk lokacin da ka taka birki ko ka tashi. Canza masta, silindar ƙafa biyu, da duk tiyon roba, kada ka tsaya gyaran tsofaffin. Sai batun man birki. Sojan Amurka DOT 5 suke amfani da shi, mai silikon, wanda sabonsa launin shunayya ne, kuma ba ya haɗuwa da DOT 3 ko DOT 4 na motocin gida. Idan aka gauraya su sukan yi kitse-kitse a cikin bututu, birki ya yi laushi. Launi yana iya gushewa da tsufa, don haka ɗebi kaɗan ka ɗiga a kofin ruwa: DOT 5 zai taso sama ya tsaya shi kaɗai, na gida zai narke a ciki. Abin da ka tarar shi za ka ci gaba da zubawa, sai fa in ka sabunta komai har bututun ƙarfe. Ƙurar cikin durom kuwa kada ka hure ta da iska, tsohon lainin birki yana iya ƙunsar asbestos. Jiƙa ta ka goge.

Tayoyin ka ɗauka sun mutu ko da zanensu bai taɓu ba. A gefen taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 2309 na nufin mako na 23 a 2009. Idan lambobi uku ne, kafin shekarar 2000 aka yi ta. Wadda ta haura shekara 10 ba ta hau titi da kaya.

A nan ne tambayar canza aksul ke shigowa, kuma ra'ayinmu shi ne kada ka yi gaggawa. Aksul ɗin asali ya fi ƙarfin duk abin da za ka ɗora masa. Dalili ɗaya mai ƙarfi na canza shi shi ne idan kana son wilin tirelar ya zama iri ɗaya da na motarka, misali noti 6 a da'irar milimita 139.7 da yawancin a-kori-kura ke da shi. Amfanin haka babba ne a daji: safaya ɗaya ta wadatar wa duka biyun, kuma idan faɗin sawun ƙafafun ya yi daidai da na motar, tirelar za ta bi sawun da mota ta riga ta taka a yashi ko laka maimakon ta buɗe nata. Idan ka zaɓi haka, aksul mai ɗaukar kilo 1,590 da birkin lantarki na inci 10 ya isa, amma ka nemi mai ɗauke da birkin ajiya, in ba haka ba hannayen nan biyu na gaba sun zama ado, kuma sai ka sa na'urar sarrafa birkin a cikin mota. Kuskuren da ya fi muni shi ne mutum ya yanke zoben soja ya walda kan ƙwallo na gida a wurinsa. Zoben nan shi ne maballin birkin, ka yanke shi ka yanke birki. Ko dai ka bar zoben ka sa wa motarka ƙugiyar da ta dace da shi, mai karɓar zoben milimita 76, ko ka koma birkin lantarki sannan ka sa mahaɗar da kake so. Zobe da ƙugiya suna da ƙara, ƙwal-ƙwal a kan gargada, amma suna lanƙwasawa ta kowace fuska fiye da ƙwallo, kuma ba sa ɓallewa. Masu son shiru da lanƙwasa tare suna sa mahaɗa irin su Max Coupler ko DO35. Idan zoben yana juyawa a kansa, ƙugiyar motar ta zama tsayayya. Ɗaya kaɗai ake bari ya juya.

Sifirin ɗinta an yi shi ne don kaya masu nauyi, shi ya sa idan babu kaya take tsalle kamar ɗan akuya. Mutane sukan yi saurin zare ganye biyu ko uku. Ka dakata har ka gama gini ka auna, domin da kilo 500 a kanta za ta kwanta da kanta. Abin da za ka yi yanzu shi ne canza bushin, canza shokozoba, duba ko akwai ganyen da ya tsage kusa da ƙusar tsakiya, da sa sababbin ƙusoshin nan masu siffar U. Waɗannan ba a mayar da tsofaffinsu bayan an kwance, sun riga sun miƙe.

Sai shasi. Akwatin ɗaure yake da noti a kan shasin, raba su, domin tsatsar gaske tana tsakaninsu inda ido ba ya kaiwa. Ɗauki ƙaramar guduma ka bi ko'ina kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe lafiyayye yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuma sai ka ji dum, wani lokaci ɓawon tsatsa ya zubo kamar busasshen ganye. Ka fi matsa wa maƙalan sifirin, mahaɗar wuya da shasi, kusurwoyin daɓen akwati, da ƙasan ƙofar baya. Auna shasin daga kusurwa zuwa kusurwa ta fuska biyu, bambancin kada ya wuce milimita 5 ko 6. Auna kuma daga tsakiyar zoben ja zuwa kowane ƙarshen aksul, nan bambancin kada ya wuce milimita 3, in ya wuce tirelar za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya. Inda ƙarfen shasi ya rasa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa, a yanke a sa sabo, a ƙarfafa mahaɗar da faci mai siffar lu'ulu'u a gefe. Kada a ja walda a tsaye daga sama har ƙasa, kuma kada a huda leɓen sama ko na ƙasa na shasin, can ne nauyi ke bi, daga can tsaga ke farawa. Facin daɓe da ƙarfe mai kauri ɗaya da na asali ake yi, ana ɗiga walda nan da can ana barinsa ya huce, in aka ja ta a dogon layi farantin zai murɗe.

Kafin giranda ta taɓa jikinta, ka san irin fentin. Tun shekarun 1980 sojan Amurka ke shafa wani fenti mai jure sinadaran yaƙi da ake kira CARC, sau da yawa za ka ga sunan a rubuce a jiki tare da kwanan wata. Ƙurarsa tana illa ga huhu, hayaƙinsa idan wuta ta taɓa shi guba ne. A ƙarƙashinsa kuma ana iya samun tsohon fenti mai dalma ko kuromet. Takunkumin ƙyalle ba ya maganin wannan, sai mai matatar P3 ko P100, a waje, nesa da yara. Duk inda za a yi walda a kankare fentin santimita 10 ta kowane gefe har ƙarfe ya fito. Inda fentin ya kama da kyau bai ɗago ba, ka bar shi, ya fi yawancin abin da za ka saya ƙarfi. Goga shi da samfefa da ruwa ka shafa naka a kai. Inda aka wanke da yashi har ƙarfe ya fito fari, fentin ƙasa na ifoksi ya hau a ranar, domin raɓar dare ɗaya ta isa ta mayar da shi ja. Shafi biyu, lita 6 zuwa 8 za su ishi shasi da akwati idan feshi ne. Bayan haka a bi duk mahaɗar faranti da abin toshe kafa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ruwa ma haka yake. Ifoksi ba ya jure rana shi kaɗai, dole a rufe shi da fentin sama. Zaɓi launi mai haske, koren soja yana shan zafi har abin da ke cikin akwatin ya dafu, firji ya yi ta aiki ba hutu. Ka goge lambobi da tambarin rundunar.

Fitilun ba su da wahala. Na soja bolt 24 ne da fulogi mai ƙafa 12, idan ka haɗa da motarka mai bolt 12 za su yi dishi-dishi. Wayoyin duk baƙaƙe ne, da 'yan ƙarafa masu lamba ake gane su: 21 fitilar baya, 22 birki da sigina, 90 wayar dawowa. Kana iya canza ƙwayayen kawai, amma robar wayar da ta shekara 30 tana farfashewa a hannu, gara ka zare duka ka ja sabuwa a cikin tiyo, ka sa fitilun LED masu karɓar bolt 10 zuwa 30. Tsarin Amurka birki da sigina a ƙwai ɗaya suke, motocin da ke da sigina ruwan lemo daban suna buƙatar fitila mai gida uku. Ka ja wa kowace fitila wayar dawowa tata, kada ka dogara da jikin ƙarfen da ka gama lulluɓewa da fenti. Yawancin fitilun tirela da ke wasa, daga nan ne.

To, yanzu kana da tirela lafiyayya, kai ta sikelin manyan motoci ka auna ta babu komai, bayan ka cire katakan gefe da bakunan tamfol in ba ka buƙatarsu. Rubuta lambar. Daga nan duk abin da zai hau kanta sai an rubuta nauyinsa a takarda kafin a saya. Ga yadda lissafin yake kasancewa ga mutum biyu: murfi da taragar ɗora tanti kilo 70, tantin kan rufi 65, ruwa lita 80 da tankinsa 90, batir da kayan wuta 25, firji da abincinsa da layin da yake zamewa a kai 55, durowar kicin da tukwane 45, tukunyar gas 20, safaya 35, rumfa 20, kujeru da kayan aiki da tufafi 80. Kilo 505 ke nan, a kan 600 ya zama 1,105. Ka ga saura ƙasa da kilo 200 kafin ka kai iyaka, kuma ba a sa itace ko jarkar fetur ba. Ka duba littafin motarka ma, nawa aka yarje mata ta ja, nawa kuma ƙugiyarta ke ɗauka a tsaye.

Jimillar nauyi rabin magana ce, ɗaya rabin shi ne inda ka ajiye shi. Nauyin da ke sauka a kan ƙugiya ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na duka, a taka ke nan kilo 110 zuwa 165, matuƙar motarka ta yarda da hakan. A Turai sukan yi ƙasa da haka. Idan wuya ya yi sauƙi da yawa, tirelar za ta fara kaɗa wutsiya da zarar gudu ya kai wani mataki, kowace kaɗawa ta fi ta baya, har ta juya motar. Lissafinsa mai sauƙi ne. A ce daga aksul zuwa zobe mita 2.4 ne. Akwatin kilo 60 da ka ɗora a mita 1.6 gaban aksul zai ƙara wa ƙugiya 60 sau 1.6 a raba da 2.4, wato kilo 40. Safaya mai kilo 35 da ka rataye a mita 1.2 bayan aksul za ta rage mata kilo 17.5. Yi wa kowane babban kaya haka. Kada kuma ka yi dabarar daidaita nauyin gaba da wani nauyi a can ƙarshen baya. Sikeli zai nuna daidai, amma nauyi a ƙarshe biyu yana sa kaɗawar ta fi wuyar tsayawa. Masu nauyi su taru kusa da aksul, ƙasa-ƙasa. Tankin ruwa musamman ya zauna a kan aksul ko ɗan gabansa kaɗan, domin nauyinsa yana canzawa: ka tafi da kilo 80 ka dawo da sifiri, kuma ba ka so ma'aunin wuya ya canza tare da shi. Tanki mai shinge a ciki ya fi, ruwan rabin tanki yana tambal-tambal a kwana.

Game da siffar ɗakin, hanya biyu ce mai ma'ana. Ta farko, akwatin ya zama ma'ajiya da kicin, a yi masa murfi, tanti ya hau taraga a sama. Ta biyu, a cire akwatin a gina ɗaki mai bango a kan shasin. Ga wanda wannan ne aikinsa na farko, ta farkon muke zaɓa masa: ta fi sauƙi, ta fi arha, kuma in ka canza ra'ayi ka kwance. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu na milimita 40 da 40 mai kaurin 2 ya isa taragar, kowace mita kimanin kilo 2.3. Masu walda suna son 50 da 50 mai kaurin 3, wanda ya kusa ninka nauyin ba tare da buƙata ba. Ƙafafun taragar su sauka a kan shasi ko ginshiƙan akwati, da noti da farantin tallafi a baya, a sa ƙarfen kusurwa don kada ta yi lilo. A kan farantin gefe kaɗai, gargada za ta yage shi cikin 'yan tafiye-tafiye. Tanti ya zauna ƙasa iyakar yadda murfi zai iya buɗewa, ko a yi taragar mai ɗagawa da saukewa, domin kilo 65 a tsayin mita 2 shi ke kifar da tirela a hanya mai karkata. Durowoyi da filawud na milimita 12 ake yi, na 18 sai daɓen da firji zai zauna. A shafe bakin kowane katako da fenti ko ifoksi, ta baki yake shan ruwa. Idan ka haɗa alminiyom da ƙarfe, sa roba ko tef a tsakaninsu, in suka taɓa juna da danshi alminiyom ɗin ne zai ci kansa ya zama farin gari.

Wuyan M101 gajere ne, shi ya sa take saurin naɗewa a ribas. Ƙara masa santimita 50 zuwa 60 yana gyara wannan, ya kuma ba ƙofar bayan motarka wurin buɗewa, amma ƙarin ya shige ciki ya kama aƙalla ƙarafan giciye biyu na shasi. Wannan aikin ƙwararren mai walda ne. Sarƙoƙin tsaro biyu su gitta juna a ƙarƙashin wuya.

Ƙura za ta shiga, ka shirya mata. Bayan tirela mai gudu iska tana zuƙa, don haka ta ƙofar baya ƙura ke shigowa ko da ka ga kamar a rufe take. Sa robar ƙofar mota mai ƙoƙo a duk baki, da maƙullai masu matsewa, sannan ka buɗe 'yar kafar iska mai matata a gaba, sama, don iskar ciki ta fi ta waje ƙarfi ta riƙa turawa waje. Wajen toshe kafofin noti yi amfani da tef na butil ko Sikaflex. Silikon na banɗaki yana ɓallewa, kuma fenti ba ya kama inda ya taɓa.

A wutar ciki, firji ne babban mai ci: mai lita 40 zuwa 50 yana shan Ah (ma'aunin cajin batir) 30 zuwa 45 a yini gwargwadon zafi. Da fitilu da famfo da cajin waya, ka lissafa Ah 55. Batirin AGM mai Ah 100 kilo 30 ne kuma rabinsa kaɗai ake sha in ana so ya daɗe. Na LiFePO4 mai girma ɗaya kilo 12 ne, ana shan kusan duka, sai dai ba a cajinsa idan sanyi ya kai ƙasa da sifiri. Farantin sola na wat 200 da na'urar MPPT mai daidaita cajin sola yana mayar da Ah 50 zuwa 60 a rana mai haske. Don caji daga mota a sa na'urar DC-DC ta amfiya 25 kusa da batirin tirela, da waya mai kauri. Ga dalilin kaurin: mita 8 zuwa da 8 dawowa, a amfiya 25, wayar milimita murabba'i 6 tana zubar da kusan bolt 1.2 a hanya, ta 16 kuma bolt 0.44 kawai. Fiyus a kowane ƙarshe, cikin santimita 18 daga kan batir, domin wayar da ta goge a jikin shasi babu fiyus gobara ce. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya, kuma akwatin tirela kwano ne. Tukunyar ta zauna a waje, a tsaye, a ɗaure, ko a cikin akwatinta daban mai rami a ƙasa, ba tare da batir ko wata waya ba. Gwada kowace mahaɗa da ruwan sabulu, kumfa ta tashi akwai yoyo. Ba a girki ko kunna abin ɗumama a cikin rufaffen tanti, kuma a rataye na'urar gano iskar kabon monoksaid kusa da inda ake kwana. A ƙarƙashin katifa a shimfiɗa raga mai barin iska ta ratsa, numfashin mutum biyu a dare ɗaya yana jiƙa daɓen tanti, kwana kaɗan sai fumfuna. Ka kuma sa ƙafafun tallafi biyu a baya, in ba haka ba ranar da aka kwance ta daga mota wani ya hau ta baya, wuyan zai ɗaga sama.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Loda ta kamar yadda za ka yi tafiyar gaske, tanki cike, ka koma sikeli: duka tare, sannan wuya shi kaɗai a tsayin da yake zama a jikin mota. Ta zauna a miƙe ko gaban ya ɗan sunkuya kaɗan. Fita hanya marar cunkoso, bayan kilomita 15 ka tsaya ka taɓa hob biyun. Ɗumi daidai ne, wanda ya fi ƙarfin hannu ko ya fi ɗan'uwansa zafi sosai yana nufin boris ya matsu ko birki yana kamawa. Ƙara gudu a hankali, 60, 70, 80, kana kallon madubi. In ta fara kaɗawa, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka taka birki da ƙarfi, in ka tsaya ka matsar da kaya gaba. Gwada ribas a ɗan tudu ka ga ko birkin zai kama kansa, in ya kama sai a yi masa abin kullewa na lokacin ribas, wanda dole a cire kafin a hau hanya. Bayan kilomita 80 sake ɗaure notin wili da ƙusoshin sifirin da na taraga, sabon fenti da ke ƙarƙashinsu yakan murƙushe su yi sako-sako. Iskar taya kuma gwargwadon nauyin da sikeli ya nuna za ka sa ta, bisa jadawalin kamfanin tayar. Kowace ƙafa kilo 500 kawai take ɗauke da shi, idan ka cika ta zuwa iyakar da aka rubuta a gefenta, kwanukan kicin ɗinka ne za su sha dukan.